Hannun Goggo

Buhu ɗari huɗu da goma sha biyu ke cikin sitona a Jimeta a shekarar da mutane suka gudo. Masara ce mafi yawa, sai jar dawa, sai wake kaɗan. Ina da rabin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, ɗaya rabin na abokina ne, Alhaji Sali. Ina kuma da mudu ɗaya. Abin da na tara ke nan a shekara ashirin da wani abu na sayen hatsi da sayarwa, ba gidan kaina, ba gona. Na fara da wannan ne saboda samarin da ke zuwa rumfata yanzu, waya a hannu, suna cewa, "Kawu Hammadu, nuna mana hanyar kwangilar ƙungiyoyi." A ganinsu sana'ar hatsi zama ce a kan benci: ka saya da kaka, ka kulle sito, ka sayar da damina. In ka tambaye su wanne ne jari cikin abubuwa ukun nan, za su ce buhunan. Mudun ne jari, kuma a kansa na yi asarar da zan ba ku labarinta.

Aikin farko da maigidana, marigayi Alhaji Buba, ya ba ni a kasuwar Yola Gari shara ce. In kasuwa ta tashi in share gaban rumfa, in tsince ƙwayar da ta zube, in sheƙe ta, in mayar cikin buhu. Daga nan aka ba ni basilla, na koyi ɗinke bakin buhu yadda ɗan dako zai jefo shi daga kan mota bai fashe ba. Sannan sanin hatsin kansa. Ka cusa hannu har gwiwar hannu cikin buhu, in ka ji ɗumi to da sauran danshi, kar ka saya ko an rantse maka. Ka ciji ƙwaya, busasshiya tana fashewa ƙas, ɗanya kuwa lotsawa take yi. Ka duba gindin buhu, in ka ga gari-gari ƙwaro ya riga ka shiga. Duk wannan sai da na iya shi kafin Alhaji ya bar ni na taɓa mudu.

Ranar da ya miƙo mini shi, ya ce, "Ka zuba har ya yi tozo, hatsi ya riƙa gangarowa da kansa. Ba girgizawa, ba dannawa, yatsanka kuma kar ya kusanci tozon. In ka gama awo ka ɗebi hannu guda ka ƙara wa mai saye. Shi ne gyara. Ba a jira a roƙa." Sai ya nuna mini wata rumfa a layinmu wadda take rufe. Mai ita ya taɓa bubbuga gindin mudunsa ya tura shi ciki kaɗan, abin da bai kai cokali biyu ba. Wata mata ta gane. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba wanda ya taɓa lafiyarsa. Mata ne kawai suka daina tsayawa. Suna wucewa suna cewa "mai tauye mudu", har 'ya'yansa aka riƙa kira da sunan a makaranta, ƙarshe ya bar garin. Alhaji ya koma ya zauna. Ni kuma na ɗauki mudun.

A shekarar gudu, kasuwannin da nake saye a arewacin jihar, su Mubi da Michika, duk suka watse saboda rikici. Mutanen da nake sayen wake a hannunsu da kaka su ne na gani suna sauka daga manyan motoci a Jimeta da ƙullin kaya a kai. Wasu suka shiga gidajen dangi a Nassarawo da Yola Gari har ɗakuna suka daina ɗauka, sauran aka kai su sansani a bayan gari. Hanya ta rufe, ba ni da inda zan sake cika sito da araha. Don haka da wata ƙungiyar agaji ta nemi wanda zai riƙa kai hatsi sansanin duk mako, na karɓa. Sharaɗin shi ne su biya ni buhu a kan farashin da muka yanke, ni in kawo, in kuma yi awo da kaina gida-gida. Riba kaɗan ce amma tabbatacciya. Lissafina, kafin ruwa ya sauka kowa ya koma gonarsa.

Da na kai lodin farko na tarar da wata Baturiya tsaye a kan tamfol tana jirana. Ta haura sittin, doguwa, fuskarta ta yi jajir saboda rana, ga malafa irin ta makiyaya a kanta. Sunanta Marta. Ta yi ritaya daga aikin kicin ɗin wata makaranta a ƙasarsu, ta zo aikin sa kai, ba albashi, sai kuɗin abinci da wani ɗaki da aka kama mata a unguwar Shagari Low Cost. Yaran sansanin suka sa mata Goggo, sunan ya bi ta har ta tafi. Tafintanta Malam Yohanna ne, malamin firamare ɗan wajen Numan, mutum mai sanyin magana.

Ku samari kuna ganin Bature a sansani sai ku ce yawon ɗaukar hoto ya zo. Na ga masu wannan, suna zuwa da rana su tafi kafin la'asar. Goggo kullum da sassafe Keke ke sauke ta a bakin ƙofa. Kafin ta kai rumfar rabo an tare ta: wannan ɗanta na gudawa, wancan an ɗauke masa tabarma, tankar ruwa ba ta zo ba, bayan gida ya cika, wata ta haihu ba zane. Ba ko ɗaya a ciki da yake aikinta, ita abinci aka ba ta, amma farar fata ba ta ɓuya a cikin taro, kowa ita yake hange. Kalmomin Hausa uku ta fara koya: "sannu", "yi haƙuri", da "gobe". Ta ƙarshen ce ta fi faɗa, ita ce kuma ta fi yi mata nauyi a baki. Da rana sai ta zauna a inuwar motata ta ci ƙosai da ruwan leda mai ɗumi, ta cire takalmi ta dubi ƙafafunta da suka kumbura, ta mayar. Zafin bazarar Yola kun san shi. Mu da aka haifa a cikinsa muna neman gindin bishiya, ita tana tsakiyar fili tana duba buhu. Da yamma ta koma ɗakin da ba wuta, ta wanke rigar da za ta sa gobe. Yohanna ya ce mini 'yarta na kiranta a waya tana faɗa, wai ta dawo gida ta ga jikarta.

Awon farko na yi shi yadda aka koya mini. Na zauna a kan buhu, mata na miƙo kwano, wasu roba, wasu bakin zane, ina zubawa da tozo, mudu takwas ga kowane gida. Da yawansu na san su. Mama Saratu, wata tsohuwa daga wajen Michika da na daɗe ina sayen wakenta, ta ajiye daronta a gabana.

"Hammadu, yau kai ne mai auna mini? Duniya ta juya."

Na ce, "Mama, za ta sake juyawa."

Ta ce, "Zuba dai, kar ka yi mini wa'azi."

La'asar na yi buhun ƙarshe ya ƙare, layi bai ƙare ba. Gidaje kusan talatin na tsaye da kwano wayam. Goggo ta zo ta ɗauki muduna, ta cika shi, ta shafe bakinsa da tafin hannu, ta ɗora a sikeli. Ta sake cikawa da tozo, ta sake ɗorawa. Sai ta yi magana, Yohanna ya fassara: ita da ta raba buhunan a kan gidaje, da shafaffen mudu ta raba, domin a kicin ɗin da ta yi shekaru tana aiki cikar ma'auni daidai baki ce. Na ce a nan mudu da tozonsa ne mudu. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya. Ta ce mudu, na ce mudu, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa abin da yake nufi. Na koma sito na ɗauko buhu huɗu na kaina na rufe layin. Asarar farko ke nan, ita ce kuma mafi sauƙi.

Mako na gaba ta zo da rular katako irin ta 'yan makaranta. In cika mudu, ta sa rula ta share tozon ya koma cikin buhu. Layin nan da ke cike da hayaniya sai ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar masara tana zubewa. Wata daga baya ta ce, "Awon gidan yari." Da aka zo kan Mama Saratu ta tsaya tana kallona.

"Shekara nawa kana sayen wakena?"

"Da yawa, Mama."

"Na taɓa shafe maka mudu?"

"Ba ni ba ne. Dokar masu abinci ce."

"Mudun na waye?"

"Nawa ne."

Ta ce, "To." Ta ɗauki daronta ta tafi.

Mutanen sansani suna da dangi a cikin gari, magana kuwa ba ta neman izinin fita a bakin ƙofa. Ba a jima ba na fara ganin alama a rumfata. Maƙwabtana 'yan awo suka riƙa tsokana: "Kawu, a sayo maka rula ko ka zo da taka?" Wannan wasa ne, na iya shi. Abin da ba wasa ba shi ne ranar da wata Hajiya da ta yi shekaru tana sayen dawa a wurina ta buɗe jaka ta fito da mudunta daga gida, ta ce in auna da shi. Na karɓa. Na auna mata, na yi gyara, ta tafi. Na tuna rufaffiyar rumfar da Alhaji Buba ya nuna mini. Barin kwangilar ba zai wanke ni ba, cewa za a yi an kama ni na gudu.

Na je na sami Goggo da shawara. Na ce a bar rula, a ba kowane gida mudu bakwai da tozo maimakon takwas shafaffu, nauyin kusan ɗaya ne. Ta girgiza kai, ta ce hannun mutum ba ya zuba abu iri ɗaya sau ɗari. Na ce hannuna yana yi, shekara ashirin yake wannan aiki. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce a gwada.

Aka gwada. Abin da ban taɓa lura da shi ba a rumfa, inda mai saye ke zuwa jefi-jefi, shi ne hannun safe daban, hannun yamma daban. Da safe kafaɗa na da ƙarfi, kana ɗiba daga bakin buhu, tozo na tashi sosai. Da yamma ka gaji, kana kwasowa daga gindi, tozo na kwanciya. Layin kuwa tanti-tanti ake binsa, kuma mutane sun zauna ne kusa da nasu. Tantunan da ke wajen masallaci su ne na safe, na wajen rumfar coci su ne na yamma. Wani mutum ya ɗauko daro biyu ya jera su a ƙasa, ɗaya na safe ɗaya na yamma, ya ɗaga murya: "Ku zo ku gani! Ya yi wa 'yan'uwansa tozo, mu ya kwantar mana!" Nan da nan maza suka taru, wasu da sanda. Mutanen da suka gudo daga wuta ɗaya, a mota ɗaya, sai ga su sun rabu gida biyu a kan kwanon masara. Goggo ta ratsa tsakiyarsu rungume da sikeli, ta ajiye shi a ƙasa, ta auna daro biyun a gaban kowa. Akwai bambanci. Kaɗan ne, amma akwai. Ban yi da niyya ba, sai dai sikeli ba ya auna niyya. Ta cike wa mai daron yamma, ta sa aka sake auna na duk wanda ya nema, har rana ta faɗi. Gaskiyarta ce tun farko. A kasuwa kowa da cinikinsa, a sansani kuwa kowa kwanon maƙwabcinsa yake kallo, don ba abin da ya rage masa da zai kalla.

Washegari muka zauna a inuwar motata, ni da Goggo da Yohanna. Sai ga Mama Saratu, ba wanda ya kira ta, ta ja buhu ta zauna.

"Baturiyar nan na da gaskiya," in ji ta. "A shafe. Hannun Hammadu ya tsufa, bai sani ba. Amma in an shafe, ina gyara?"

Yohanna ya buɗe baki zai fassara, ya tsaya. Ya gwada wata kalma, ya janye ta, ya gwada wata. Ya juyo ya ce, "Kawu, babu shi a Turanci. In na ce kyauta, ai abincin duka kyauta ne." Mama ta ce ya gaya mata haka: ita tun tana budurwa take awo a kasuwa, ana yi mata. In aka gama auna maka aka ƙara hannu guda, ana nufin an san ka, an rabu lafiya, ka dawo. In aka shafe aka tura maka kwano, ana nufin wuce, na baya ya matso. "Mun rasa gida, mun rasa gona. Ba mu zama mabarata ba tukuna."

Goggo ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta gane, amma hatsin ƙungiya a ƙidaye yake, ba ta da ikon ƙara ko ƙwaya. Tana magana tana juya rular, ni kuma ina kallon hannunta. Doguwar mace ce, amma tafinta siriri ne, bai kai rabin nawa ba. Na yi lissafi a kaina: wannan ɗan hannu, sau yawan gidaje, zuwa faɗuwar damina, ba zai wuce buhu biyar ko shida ba. Da buhu shida zan sayi sunana. Ban taɓa samun ciniki mai araha haka ba. Na ce gyara daga sitona za a yi, amma da hannun Goggo, domin hannuna an zarge shi, na Yohanna ma za a ce ɗan coci ne, ita kuwa ba ta da dangi a kowane tanti. Wannan dalili gaskiya ne, shi na faɗa. Ɗaya dalilin na bar shi a cikina.

Ranar rabo Yohanna ya shelanta a gaban layi, da Hausa da Fulatanci, cewa daga yau akwai gyara daga Kawu Hammadu, da hannun Goggo, har ranar da za a tashi sansani. Ni na ce ya ƙara wannan ta ƙarshen, don maganar ta yi nauyi. Muka jeru: ni ke cikawa, Yohanna ke shafewa da rula, Goggo na gefe da buhuna a gabanta. Mama Saratu ce ta farko. Goggo ta cusa hannu ta ɗebo, ta kawo kan daro, sai Mama ta janye daron da sauri, masara ta zube a tamfol.

"Da hagu? Ni kare ce?"

Ashe Goggo bahaguwa ce. Duk zaman nan ina ganinta tana riƙe rula da hagu, bai taɓa zo mini a rai ba. Yohanna ya raɗa mata, fuskarta ta ƙara yin ja. Ta cusa hannun dama, amma yatsunsa biyu a sandare suke, ta taɓa karyewa a wurin, ba sa haɗuwa. Kafin ta kai kan daro masarar ta tsiyaye, abin da ya rage bai isa kaza ba. Layi ya fashe da dariya. Mama ta ajiye daronta a ƙasa, ta kama hannuwan Goggo duka biyu, ta haɗa su kamar ƙoƙo, ta nutsa su cikin buhuna har wuyan hannu, ta ɗago su cike fal.

"Haka ake ba mutum abu," in ji ta.

Mata suka rangaɗa guɗa. Na dubi abin da ya faɗa cikin daron, na sake lissafi. Ban gama lissafin ba Mama ta miƙo ƙaramin kwanonta na wake.

"Waken fa? Shi ba awo ba ne?"

Awo ne. Alhaji Buba da kansa zai ce awo ne. Na sa aka buɗe buhun wake.

Maganar tauye mudu ta mutu a kasuwa kamar ba a taɓa yinta ba. Hajiyar nan ta dawo ba mudu a jakarta. Har mata suka riƙa cewa in na gama musu awo a rumfa, "Kawu, a yi mana hannun Goggo." Abin da na saya na same shi. Kuɗinsa ne bai tsaya inda na yanke ba. Damina ta zo, wasu suka tafi duba gonakinsu, suka dawo da ƙarin mutane. Sansani ya ninka, ya sake ninkawa. Hatsin sitona ya ƙare, na koma saye daga wajen Ganye da Jada da tsada, ga kuɗin mai, alhali farashin da na yanke da ƙungiya na nan inda yake. Ribar buhu ta zama ba a bakin komai ba, gyaran kuwa daga uwar kuɗi yake fita, duk mako, hannu biyu-biyu.

Ita ma Goggo ba a banza ta yi shi ba. Tun safe har yamma tana tsaye tana sunkuyawa, tana ɗagowa, gida bayan gida. Ƙurar hatsi ta tsattsaga mata fatar hannu har tana jini, matan suka kawo mata man kaɗanya tana shafawa. Bayanta ya riƙe, aka ɗora buhun a kan benci don ta rage sunkuyo. Duk wadda ta zo sai ta dube ta ta ce "sannu" kafin ta zuba, daga baya har ta riƙe sunayen wasu. Kuma mace ce mai lissafi, ta san abin da ke faruwa da ni. Wata rana a inuwar mota ta ce, ta bakin Yohanna, ko ta riƙa buɗe yatsu kaɗan, ba wanda zai lura. Na ce Mama Saratu za ta lura daga ƙarshen layi, kuma hannun da aka rage bayan an shelanta shi, shi ma tauyewa ne. Sai ta ce to ita za ta riƙa biyan wani abu na waken daga kuɗin abincinta. Na karɓa. Ni ɗan kasuwa ne, ba zan ce muku na ƙi ba.

Da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita, ta rasa rabo biyu. Na ce a raina ko ba komai buhuna zai huta. Na dai yi tayin in yi gyaran da hannuna, don kar a ce. Matan suka ƙi. Suka ce ba wannan aka shelanta ba, a ajiye musu sai ta warke. Ranar da ta dawo, ta rame, malafar ta yi mata yawa, ta tsaya ta ba kowane gida sau uku, na yau da na bashi. Ba wadda ta manta, ba wadda ta yafe.

A wannan watan ne na sayar wa Alhaji Sali rabin motata don in biya mutanen Ganye. Yana ƙirga mini kuɗin yana kallona.

"Hammadu, wannan abin da kake yi a sansani, ciniki ne ko zakka?"

"Ciniki ne."

"To ina ribar?"

Na ce, "Ƙirga dai, Alhaji." Daga ranar na koma biyan haya a motar da na yi shekaru ina canja wa taya.

Bayan damina ta biyu aka sauya tsari. Aka kawo matasa masu albashi, aka riƙa raba abinci a ƙulle cikin ƙananan buhuna, an auna tun daga can. Ba mudu, ba rula, ba ɗan awo. Ya fi sauri, ba a kuma taɓa faɗa a kansa ba, wannan sai a faɗa. Kwangilata ta ƙare, wa'adin Goggo ma ya cika. Mama Saratu ba ta ga wannan ba, ta rasu a sansanin kafin nan, ba ta koma Michika ba. Ranar da Goggo za ta tafi, ta sa mai Keke ya biyo da ita ta rumfata. Ta miƙo mini rular da hannu biyu. Ta ce da Hausarta, "Hammadu, yi haƙuri."

Na ce, "Goggo, yau ba gobe?"

Ta yi dariya ta ce, "Babu gobe." Ta shiga Keke. Ban sake jin labarinta ba, ban kuma san ko ta ga jikar ba.

Don haka in saurayi ya zo yana neman hanyar kwangila, nakan ciro rular daga ƙarƙashin benci in ɗora a kan mudu, in ce ya gaya mini nawa ne a ciki. Yawancinsu dariya suke yi. Wanda ya tsaya ya tambaya me nake nufi, shi nake ba basilla ya fara da ɗinki. Kafin ka yanke farashi da mutum ka san abin da yake kira mudu. Kafin ka yi alkawari a gaban jama'a ka san da wane hannu za a cika shi, kuma har yaushe.

Ga lissafin yadda ya tsaya. Gyara ya ci mini buhu casa'in da uku, har da huɗun farko, ban da waken da Goggo ta biya. Rabin mota ya tafi, bai dawo ba, har yau haya nake yi. Sitona bai sake ganin buhu ɗari huɗu a lokaci guda ba. A ɗaya gefen akwai rula guda, akwai kuma mudun nan da kuke gani, wanda ba wata mace da ta sake zuwa da nata don ta gwada shi. Wasu sukan ce ai mutanen nan da suka koma gida sun saka mini, sun riƙa kawo mini kayansu da araha. Ba haka aka yi ba. Sun koma sun tarar da kango, kowa na neman wanda zai fi biya, ni ma da haka zan yi. Sau ɗaya ne kawai, shekaru bayan an buɗe hanya, ina sayen wake a kasuwar Michika wurin wata mata da ban gane ba. Ta auna da tozo yadda ya kamata, muka gama, na biya. Ina jawo bakin buhu sai ta ce in dakata. Ta haɗa hannuwanta biyu, ta nutsa su cikin wakenta har wuyan hannu, ta zuba mini.

Ta ce, "Na Goggo."

Cikin buhu casa'in da uku, abin da ya dawo ke nan. Na ɗinke bakin buhun, na kawo shi Jimeta, na sayar tare da sauran.